Gidan da na gina a Tamanrasset

Malamin lekkol ɗin garinmu, wato makarantar boko, shi ne ya jawo mini wannan magana, ko da yake in gaskiya za a bi, shi shawara kawai ya kawo, sauran kuwa ni na yi wa kaina. Shi ya buɗe mana zaure a cikin wayar salula, ya tara 'yan garinmu na gida da waɗanda suka bazu cikin duniya, don a riƙa jin labarin rasuwa da suna da saukar damina. Muna zaune lafiya lau, sai wata rana ya yi sallama ya ce yana da shawara. Kowa ya ɗauko hoton inda yake zaune ya nuna mana, da wuraren da garin ke taƙama da su, da inda ƙafarsa ta taɓa takawa, don mutanen gida su san duniya tana da faɗi. Niyyarsa kyakkyawa ce, bawan Allah. Amma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da zai biyo baya.

Ni magini ne, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. A lokacin shekarata goma sha huɗu a Tamanrasset. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, a unguwar baƙi, can bakin busasshen rafin da ya ratsa garin. Bulo ne tsirara babu shafe, rufin kwano an danne shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi, makewayi ɗaya ga ɗakuna tara. In zafi ya yi, warinsa ke fara yi maka sannu da zuwa tun daga bakin lungu. Magina huɗu a ɗaki, amma babu wanda ya taɓa ɗaukar cokalin gini ya toshe tsagar da ke bangon, don kowa na cewa ai ba zama ya zo yi ba.

Ni ma ba zama na zo yi ba. Matata da 'ya'yana uku suna gida, cikin ɗaki guda a gidan Baba. Bayan ɗakin Inna akwai fili, kuma ranar da zan fara fitowa Baba ya zagaya shi da ni, yana nunawa da sandarsa, ya ce nan nawa ne, in na dawo in gina. Da hannuna na kafa duwatsu huɗu a kusurwoyinsa, na dasa dogon yaro a gefen gabas. Duk sanda na je ganin gida sai na auna shi da ƙafa, taku ashirin da biyu a tsaye, goma sha biyar a kwance, sai ka ce wani zai rage shi a bayan idona. Na san inda ɗakin matata zai zauna, na san inda zan fitar da ƙofa, har magudanar ruwa na san ta inda za ta bi. Wannan filin shi ke tayar da ni da asuba in tafi ɗaukar siminti a ƙasar mutane.

To, aka fara turo hotuna. Na Legas ya turo gada a kan ruwa. Wani ɗalibi ya turo masallacin da yake salla a Masar, wannan kam ba ni da ta cewa. Sai ɗan kawuna da ke Abijan. Kowa ya san gadi yake yi a ƙofar wani kanti, don shi da bakinsa ya taɓa gaya mini sauro ya kusa cinye shi. Sai ga shi ya jingina da wata baƙar mota, ya maka baƙin tabarau, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan taya. Gobe ga shi a bakin teku, jibi a gaban wani otal yana riƙe da kofi, kofin ma ina jin babu komai a ciki. Bai ce motarsa ce ba, bai ce ba tasa ba ce. Mutane kuwa sai ruwan addu'a suke yi masa. Abin ya ba ni ƙyama ƙwarai. Na ce wa abokan ɗakina ku zo ku ga mai gadi ya zama minista, muka yi ta dariya, na ce ni dai Allah ya kiyashe ni da wannan rashin kunya.

Da layi ya zo kaina na ce ni gaskiya zan nuna. Na hau rufin wani gini da muke aiki na ɗauko dutsen Iharen, wanda ke tsaye shi kaɗai a bayan gari kamar rumbu a tsakiyar gona bayan girbi. Sannan na tono tsofaffin hotunan tafiyar da na fi so a rayuwata. Wata shekara wani Ba'abzine direba, mutumin Agadas, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Damagaram daɗi, ya samo mana aikin gina tafkin ban ruwa a Tazruk. Ya kwashe mu a bayan motarsa tare da buhunan siminti, muka yi ta hawa cikin duwatsun Ahaggar, baƙaƙe da jajaye, wasu a tsattsage, wasu a jere sai ka rantse magini ne ya ɗora su. Na yi ta kallo har wuyana ya ƙage. Sanyin wurin kuwa ba a magana. Ruwan da muka bari a bokiti, da safe sai da muka fasa shi da bakin cebur kafin mu kwaɓa siminti. Amma ka leƙa lambunansu ka ga ɓaure da inabi da rumman, da wani ɗan itace mai gashi-gashi a fata wanda har yau ban san sunansa da Hausa ba. Awakinsu na hawa inda mutum ba zai hau ba ko da igiya. Wata tsohuwa ta gasa mana gurasa a cikin yashi da toka, ta kakkaɓe ta, ta ɓarɓasa mana cikin miya. Ban taɓa cin abin da ya zauna mini a ciki kamar wannan ba.

Daga can direban ya ce ba za mu koma ba sai mun ga Idles. Hanyar ta fasa mana taya sau biyu, ƙashin bayana ya yi sati yana tuna mini da ita. Muka tarar da wani dattijo yana bin ruwa da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan, ruwan na fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, a wurin da za ka rantse ko tsuntsu ba zai sami abin jiƙa baki ba. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Na haɗa da hoton lambunan Utul, nan kusa da gari, inda 'yan ƙasarmu da yawa ke aikin albasa da salati. Na yi saƙon murya mai tsawo, na ba da labarin duk wannan, raina fes.

Ba a yi minti goma ba sai ga muryar ɗan kawuna.

"Ɗan uwa, sannu da ƙoƙari. Shekara goma sha huɗu kana ƙasar Larabawa, dutse da akuya za ka nuna mana? In dutse ne ai Damagaram ta ishe mu. Ko a cikin kogon kake kwana ne?"

Sai dariya ta ɓarke. Wannan ya turo tasa, wancan ya turo tasa, har da mutanen da na ɗauka suna da hankali. Wani ya ce a tambaye ni ko akuyar tawa ce, a yi mini barka. Yayyen matata biyu suna cikin zauren, suna jin komai, kuma wannan ya fi dariyar ci mini rai. Na yi kwana biyu ina aiki ina jin maganar kogon nan a kunnena. Na zagi wani lebura a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya na ba shi haƙuri.

Akwai wani gida a sabuwar unguwa, bene ne hawa biyu, na wani Balarabe ɗan kasuwa da ya zo daga arewacin ƙasar. Ni ne babban magini a wurin tun daga tushe har zuwa shafen ƙarshe, fiye da shekara biyu. Farcen babban yatsana na hagu a nan ya fita. Ba yabon kai ba, ka ɗora ma'auni a kowane bango na gidan nan ba za ka sami inda ya karkace ba. Ranar Juma'a, da aka sauko daga masallaci, ina sanye da shaddata guda ɗaya, na ja abokin ɗakina na ce ya raka ni. Na san mai gidan ya yi tafiya. Na tsaya a gaban ƙofar ƙarfen, na ɗora hannuna a kanta yadda mutum ke dafa abinsa, na ce ya ɗauka yadda benen duka zai fito. Ya ɗauka, ya dube ni, ya ce, "Me za ka yi da shi?" Na ce tarihi. Na tura a zaure, na bi shi da murya, gajera, ba irin ta Tazruk ba.

"Ga kuma gidan da na gina."

A wurin aiki, in magini ya ce ni na gina gidan can, kowa ya san abin da yake nufi, hannunsa ne ya ɗora bulon. Haka muke magana kullum, muna wucewa muna nuna wa juna. Amma a garinmu in aka ce wane ya gina gida, babu mai tambayar wa ya riƙe cokali. Alhajin da bai taɓa taɓa laka ba shi ake cewa ya gina, maginin kuwa ko sunansa ba a tunawa. Na san wannan sarai. Kada wani ya tausaya mini ya ce suɓutar baki ce. Na zaɓi maganar ne don tana da fuska biyu, in an kama ni in ce ai ban yi ƙarya ba. Abin da na zagi mai gadin Abijan a kansa shi na yi, har nawa ya fi nasa muni, don shi bai buɗe baki ba.

Kafin la'asar salulata ta ɗauki zafi. Barka, barka, Allah ya sa albarka, Allah ya sa a shiga lafiya. Mutumin da ya ce a yi mini barkar akuya shi ya fi kowa tsawon addu'a. Ɗan kawuna ya kira ni kai tsaye, yau na zama babban yaya, yana cewa shi da ma ya san ni ba na surutu sai aiki, wasa ne kawai yake yi mini irin na 'yan uwa, kuma ko akwai ɗakin da zai sauka in ya zo. Mutanen da na ba labarin ruwa na fitowa daga dutse suka yi mini dariya, yau ƙofar ƙarfen wani ta sa suna rawar jiki. Na raina su ƙwarai a ranar. Amma ban goge hoton ba, kuma duk saƙon da ya shigo sai da na saurare shi har ƙarshe.

Washegari da hantsi ina kan katako ina shafe, matata ta kira.

"Maigida, mata sun cika ɗakin nan tun safe suna yi mini barka. Me zan ce musu?"

Na ce, "Ki ce kin gode."

Ina jin kukan ƙaramarmu a bayanta. Can ta ce, "To. Ni dai na san ɗakin da kake kwana, ka taɓa nuna mini." Sai ta ce a gaida abokan aiki. Na so a ce zagina ta yi.

Na yi niyyar gyarawa, wallahi na yi. Na ce bari ƙurar ta lafa kwana biyu, sai in shiga in ce jama'a ba ku fahimce ni ba. Kwana biyu suka zama sati. Ran nan da azahar, muna hutun cin abinci, sai ga kiran malamin lekkol. Ya ce ga Baba zai yi magana da ni. Baba ba ya riƙe salula, sai dai a riƙe masa a buɗe murya, kuma ina jin alamun mutane a kusa, wani na tari, wani na jan kujera. A ƙofar gidanmu suke, inda dattawa ke zama.

Muka gaisa. Ya ce malam ya nuna masa hoton, ya sa an ƙara masa girma ya duba da kyau. Ya ce ya faɗa a masallaci, liman ya yi addu'a, jama'a sun shafa. "Masu cewa ka tafi ka lalace, yau bakinsu ya mutu," in ji shi. Baba mutum ne da bai taɓa ce mini sannu da aiki ba tun ina bin sa gona.

Sannan ya ce, "To, ga magana. Ƙanenka iyali sun yi masa yawa, ɗakinsa ba ya ɗaukarsu. Filin nan na bayan ɗakin uwarku, na ce tunda kai Allah ya rufa maka asiri ka gina naka, ba kuma ƙarami ba, ko a ba shi ya tayar da ɗaki biyu. Amma ni na ba ka da bakina, ba zan karɓa ba sai na ji daga naka bakin."

Na ajiye gurasar da ke hannuna. Na ce, "Baba, gidan nan fa aikin hannuna ne kawai."

"Mun sani. Guminka ne, ba ka ci na kowa ba."

"Ina nufin ni na ɗora bulon, Baba."

Ya yi dariya, na ji dattawan ma sun yi. Ya ce, "Kun ji amfanin sana'a. Ko magini bai nema ba."

Kalma huɗu ce ta rage, ba nawa ba ne. Tana bakina, ina jin ta. Amma in na faɗe ta, a gaban mutanen nan zan faɗa, tsohon da ya tashi a masallaci ya yi shela shi zai koma gida da ita. Haka na gaya wa kaina a lokacin, wai Baba nake karewa. Yau da na zauna ina rubuta wannan, na san rabin abin kaina nake karewa, kada mai gadin Abijan ya sami abin dariya na shekara goma. Na ji malam na cewa ko layin ya yanke ne.

Na ce, "A ba shi, Baba. Allah ya sa albarka."

Ya sa mini albarka mai tsawo, dattawan na amsawa da amin. Na kashe salula na koma kan katako. Shafen da na yi da yammacin nan sai da na kankare shi washegari.

Bayan kamar sati biyu Balaraben ya dawo daga tafiya ya aiko a kira ni. Ramin masai na gidan ya toshe, ruwa na dawowa ciki, kuma tunda ni na gina shi ni na san hanyarsa. Ban shiga ta ƙofar da na dafa ba, ta ƙaramar ƙofar gefe aka shigar da ni. Na tuɓe rigata na rataye, na ɗaga murfin. Ba zan ɓata wa mai karatu rai da abin da na gani ba. Na shiga har gwiwa, na zura hannu cikin bututu har kafaɗa, na yi ta zaro tsummoki da gashi da abin da ba shi da suna, ƙudaje na shiga mini hanci. A daidai saman kaina akwai 'yar ƙaramar tagar makewayin ƙasa, wadda na sha wahala kafin ta zauna daidai. Salulata na cikin aljihun rigar tana ta ƙara, don a ranar ne wasu 'yan garinmu da ke Libiya suka ga hoton, sabuwar barka ta tashi. Aka kawo mini shayi aka ajiye a kan katanga, nesa da ni kaɗan. Mai gidan mutumin kirki ne, ya yaba aikin, ya ce babu magini kamata a garin. Na wanke jikina sau uku da sabulu, amma kwana biyu ina jin warin a ƙarƙashin farcena.

Da kaka ta yi, ƙanena ya fara turo nasa hotunan. Yana tsaye ya goya hannu a baya, magina biyu daga ƙauyen da ke kusa da mu suna aiki, shi kuwa ko laka ba ta taɓa rigarsa ba. Ya ce, "Ga gidan da nake ginawa, albarkacin yaya." Kuma gaskiya ya faɗa, irin gaskiyar da kowa ya gane. Na riƙa buɗe hoton da yatsu biyu ina duba aikin. Tir. Layin bulo na tafiya yana hawa yana sauka, kusurwa ba ta haɗu ba, ƙofa an fitar da ita ta yamma inda ruwan sama zai riƙa tsayawa. A hoton farko dogon yarona na nan, ya yi inuwa har kan masu aikin. A na uku babu shi. Na so in fita daga zauren gaba ɗaya, sai na ga malam ya ɗauki hotona da ƙofar ƙarfen ya mai da shi fuskar zauren, wai don ya zama abin koyi.

Sai da babbar salla ta zagayo na je gida. Na bi hanyar da na saba, In Gezzam, Assamaka, Arlit, Agadas, jikina duk ya mutu kafin in isa. Aka tarbe ni yadda ba a taɓa tarbata ba. Mutanen da da can sai dai mu ɗaga wa juna hannu suka zo har gida suka zauna, suna duban jakata. Matata ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta ajiye, ta yi mini sannu da hanya, ba ta tayar da maganar ba, har na baro garin ba ta tayar ba. Ɗakinmu na nan yadda yake, sai dai yaran sun ƙara tsawo, tabarmarsu ta kai bakin ƙofa.

Ƙanena ya kama hannuna da hannu biyu ya ja ni in ga ginin. Godiya yake yi tsakaninsa da Allah, har idonsa ya kawo ruwa. Kututturen dogon yaron na nan a tsakar gidansa, matarsa na ɗora tukunya a kai. Ɗaya daga cikin duwatsuna huɗu an mai da shi matakin shiga ɗaki, na gane shi da wata jar jijiya da ke jikinsa. Na taka shi na shiga. Ya ce in duba masa aikin tunda ni gwani ne. Na dafa bangon, na ji yadda ya yi ciki, na ce ya yi kyau. Bai yi mini laifin komai ba. Yawu ne ya taru mini a baki, na rasa inda zan tofar, na haɗiye.

A nan na yanke shawarar zan gaya wa Inna. Fili ya riga ya tafi, wannan na haƙura. Amma na ce ko mutum ɗaya a gidan nan bayan matata ya san ni ne wane. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda matan zamanin da suke riƙe ta. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama kusa da ni, ba ta duban fuskata in muna magana. In tana son a ba ni abinci sai ta ce wa bango a miƙa wa mutumin can. Tun ina ƙarami na saba, ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi. Na ce wannan ma zai sauƙaƙa mini, tunda ba za ta dube ni ba.

Kwana biyu bayan salla, da hantsi, na same ta ita kaɗai a ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama na tsuguna daga bakin ƙofa. Sai na gan shi. Malam ya wanko hoton a Damagaram, an sa shi cikin gilashi, yana rataye a bango a saman jeren kwanoninta. Ga ni nan cikin shadda, hannu a kan ƙofar mutane.

Na gaishe ta, ta amsa tana duban gyaɗarta. Na ce, "Inna, akwai maganar da nake so in yi."

Ta ture kwaryar gefe, ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta sauko da hoton. Ta goge gilashin da bakin zanenta. Sai ta tako ta zo ta zauna a kan tabarma kusa da ni, har kafaɗarta na taɓa tawa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ɗumin jikinta ba sai ran nan. Ta leƙa waje ta ga babu kowa, sannan ta juyo ta dube ni a fuska.

Ta ce, "Kai." Ta ɗora hoton a tsakaninmu. "Kullum in na idar da salla sai na dube shi. In Allah ya kai ni can, wane ɗaki ne nawa?"

Na ga yatsana ya tashi da kansa ya sauka a kan babbar tagar sama, wadda ke kallon dutsen Iharen. Na ce wannan, Inna, ya fi iska.

Ta girgiza kai. "A'a. Gwiwoyin nan ba za su hau sama ba. Ka bar wa iyalinka." Ta bi hoton da yatsa a hankali, ta sauko ƙasa, ta tsaya a gefe. "Wannan mai 'yar ƙaramar taga ya ishe ni. Ni ba na son babban ɗaki."

Tagar makewayin ce. Daga ƙarƙashinta murfin ramin yake, har gefensa ya ɗan fito a hoton.

Na ce, "To, Inna."

Ta miƙa mini hoton ta ce in mayar mata, ni na fi ta tsawo. Na rataye shi a ƙusarsa, na gyara shi ya zauna daidai. Ta jawo kwaryarta ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.